Ranar da Na Goge Muryar Kakana

Ni na ce a goge. Da bakina na faɗa, babu wanda ya matsa min, kuma ko duba abin da ke ciki ban yi ba. Na daɗe ina gaya wa abokaina cewa kai kawai na gyaɗa saboda kiɗan da ke kunnena, mai shagon ya ɗauka amincewa ce. Ƙarya nake yi. Cewa na yi, "Goge duka, tarkacen tsofaffi ne."

Shekarata goma sha biyar lokacin, muna zaune a Gusau. Kakata ta wajen uwa tana Rawayya, can nake yin hutu duk sanda Baba ya gaji da ganina, wato kowane hutu. A wannan karon ma har wayata ya ƙwace, saboda sakamakon jarrabawata ya fito da jan biro mai yawan da za a iya rina hula da shi. Babu waya, babu waƙa. Ni kuwa in na yi kwana biyu ban ji kiɗa ba, ji nake kamar an cire min gishiri a jiki.

Kaka tana da wata ƙaramar rediyo mai cajin rana, irin wadda ake saka wa memori. Abu ɗaya ne ya sa take ji da ita. Kafin Kakana namiji ya rasu, Kawuna direba ya taɓa ɗaukar muryarsa a waya ranar da ake sussukar gero, daga baya ya zuba mata a memorin. Tsohon yana rera waƙar noma da muryarsa mai kama da tsohuwar ƙofa, sai ya tsaya ya yi tari, ya kori akuya, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ke uwar yara, ruwan nan sai gobe?" Kullum bayan la'asar Kaka takan kunna. In an zo wurin nan sai ta ce wa rediyon, "Ga ni nan tahe, sarkin gaggawa." Na sha ji. Na sha yi mata dariya ma.

Da azumi ya matso, sai ta ciro memorin ta ƙulle shi a bakin wani ƙyalle ta ba ni. Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, in ka tahi Gusau ka sa a ƙara mani karatu. Ka riƙe shi da kyau, tsohon na ciki."

"In ya yi nauyi zan ajiye shi a hanya," na ce.

"Ja'iri. Shi dai ya hi ka hankali."

Tun a mota na ƙulla dabarata. Zan sa a zuba mata karatunta, sannan a ɓoye min waƙoƙina a wata folda a can ƙasa. In ta tafi unguwa, in saka abin kunne in sha shagalina. Ni a ganina ba a taɓa haihuwar mai wayo kamata ba a faɗin Zamfara.

Shagon da ake tura waƙoƙi yana cikin kasuwa, ɗan akurki ne da kwamfuta ɗaya da benci. Mai shagon ya san ni sarai, domin ni kaɗai ne nake tambayarsa metal, kiɗan Turawan nan mai jita da ihu. Ya ce duk garin mu uku ne masu ji, kuma sauran biyun bai tabbatar da lafiyarsu ba. Ina zuwa ya ɗora min babban abin kunnensa ya ce akwai sabuwa. Jita ta fara kuka, ganguna suka biyo ta kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Ina cikin wannan duniyar ya taɓa kafaɗata ya ce memorin ƙarami ne, ba zai ɗauki karatu da waƙoƙina da abin da ke ciki ba. A nan ne na faɗi abin da na faɗa. Na so in ce na manta tsohon yana ciki, amma gaskiyar ita ce ko tunanin bai samu wurin shiga kaina ba.

Abin da ban sani ba kuma, rediyon Kaka ba ta san folda ba. Abin da ta fara tararwa shi take kamawa.

Na koma Rawayya washegari. Bayan la'asar Kaka ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, maƙwabtanta tsofaffi biyu suka shigo jin sabon karatu. Ta saka memorin da hannunta, ta yi bismilla, ta murɗa har ƙarshe saboda ɗaya daga cikinsu ba ta ji sosai.

Mawaƙin metal ɗina ya fara da ihu. Ba ƙaramin ihu ba, irin wanda yake fitowa daga cibiya. Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya, na rantse har mutanen Kwatarkwashi sai da suka leƙo daga kan dutse. Tsohuwar da ba ta ji sosai ta warke nan take, ta miƙe tana salati ta bar takalminta ɗaya. Ɗayar kuwa ta riƙa tofa wa rediyon addu'a daga nesa.

Na yi dariya. Wannan ma dole in faɗa. Na yi dariya har na faɗi daga kan turmi.

Kaka ba ta yi ba. Ta kashe, ta sake kunnawa, ta danna gaba. Wata waƙar. Ta danna gaba. Ta yi ta dannawa har ta kai karatu, ta wuce shi, ta zagayo kan mai ihu. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ina tsohon yat tahi?"

Na daina dariya. Na ce ƙila yana can ƙasa. Na karɓi rediyon na danna, na danna, ina zufa, alhali na riga na tuna. Na ce ƙila rediyon ce ta lalace. Na ce ƙila zafin mota ne. Sai da ƙaryata ta ƙare kaf sannan na ce, "Kaka, ni na sa aka goge."

Na so ta ɗauko muciya. Wallahi da ta kwaɗa min ita a ka da na ji daɗi. Sai kawai ta ce, "To," ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Da ta fito ba ni tuwo, sunana na yanka ta kira.

Washegari bayan la'asar ta sake shimfiɗa tabarma, ta ajiye rediyon a tsakiya, ta nuna min wuri.

"Zamna. Kunna in ji abin da ya hi tsoho."

Ban taɓa jin waƙoƙin da nake so sun yi min nauyi irin na ranar ba. Na rage murya na kunna metal ɗin. Ta ce in faɗa mata abin da ke damun mutumin. Na ce babu, salon ne haka. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, kaina a ƙasa: in raina ya ɓaci, in Baba ya yi min faɗa ba ni da bakin ramawa, wannan mutumin ne yake yi min ihun. Akwai wurin da komai yake tsayawa cak, sai jita ɗaya ta hau sama ita kaɗai siririya, kafin gangunan su rufto mata. Wurin nan nake jira kullum. Na nuna mata shi.

Ta saurara har ya wuce. Ta ce, "Injin niƙa ma in anka matse shi haka yaka yi. Wuce."

Na wuce zuwa hip-hop. Wani saurayi ne mai haɗa Hausa da Turanci, yana zuba magana kamar kamasho a tasha ranar kasuwa. Abin da nake so a waƙar shi ne inda kiɗan yake ɗaukewa ya bar shi da bakinsa kawai, amma bai rasa taku ko ɗaya ba. Kaka ta karkata kai. Na ga babban yatsan ƙafarta yana motsi, na yi kamar ban gani ba.

"Wanga yana da baki," ta ce. "Amma yana numfashi kuwa?"

"Yana yi, a ɓoye."

"Kakanka in ya kama kirari wurin gayya, wanga ko ruwa ba ya ba shi."

Daga nan sai ar-an-bi, waƙar wata mata mai sanyin murya. Ita ce wadda ba na bari abokaina su san ina ji, domin za su ce na zama ɗan soyayya. Rabin Turancin ban gane shi ba. Abin da na sani, muryarta takan ɗan yi rawa kafin ta hau sama, kamar mai ɗauke da tulu a ka za ta tsallake kwata. Da aka kai tsakiya Kaka ta ɗago kai.

"Wagga ɗiya an yi mata mutuwa?"

"A'a, saurayinta ne ya tafi."

"Duk ɗaya ne wurin mai jira. Maido ta."

Na maido ta sau uku. A na ukun na ga tana share ido da gefen mayafi, sai na kama kallon wata tururuwa kamar an ba ni aikin ƙirga ƙafafunta.

Da safe na roƙe ta ta bar ni in je neman tsohon. Da Gusau na fara. Mai shagon ya saka memorin, ya yi danne-danne, ya ce da ba a zuba sababbi a kai ba da akwai dabara, amma yanzu mai ihu ya kwanta daidai inda Kakana yake. Ya ce, "Ai na tambaye ka." Na ce na sani. Ya ƙara cewa, "Sau biyu ma." Wannan kam ban tuna ba, amma ban musa ba.

A gida Mama ba ta dake ni ba ita ma, abin da ya ƙara min ciwo. Mahaifinta ne fa. Ta ce in je Tsafe wurin Kawu, in dawo da rana tsaka, ba ta son hanya ta riske ni da yamma. Na same shi a tasha yana cin rogo a kan bonet. Ya ji labarin har ƙarshe, ya ajiye rogon.

"Kai ɗan ƙaniya, ka goge ubana don ka saka mahaukaci?"

"Kawu, wayar da ka ɗauka da ita fa?"

"Ta faɗa tukunyar wanka tun bara waccan."

Ya kira abokan aikinsa ya nuna ni, ya ce su zo su ga yaron da ya kori kakansa daga rediyo. Direbobi kusan dubu suka kewaye ni, ko dai shida ne. Wani ya ce a kunna musu mahaukacin su ji. Sai da Kawu ya gama wanke ni tas sannan ya tuna cewa ya taɓa tura wa ɗan baffansu, wani tela a Bungudu, muryar tsohon ta bulutut.

Kwana biyu bayan haka Kawu ya ɗauke ni da kansa muka je. Telan yana kan keke, ga ɗinkin Sallah ya fara taruwa. Ya ce e, an tura masa, amma wayar ta cika ya share manyan abubuwa. Sai ya ce akwai ɗan guntun da ya yanka ya mai da shi sautin kira, don yana son farkon waƙar. Ya ce wa Kawu ya kira shi.

Wayar ta yi ƙara a cikin tsummokin atamfa, sai ga tsohuwar ƙofar nan tana rera waƙar noma. Baiti ɗaya da rabi, sai ta koma farko. Kawu ya juya baya yana duba tayar motarsa wadda babu abin da ya same ta.

A nan Bungudu aka zuba guntun a memorin. Na ce a cire waƙoƙina duka, sai na tuna ban tambayi mai rediyon ba, don haka na bari sai mun isa. Wannan karon na tambayi Kaka. Ta ce in cire mai ihu da mai baki, in bar mata ɗiyar mutane.

Ta kunna guntun bayan la'asar. Ta ce shi ne. Da ya zo ƙarshe ta ɗan karkato da kunne tana jiran tarin, sai karatu ya kama.

Mun tambayi duk wanda ya je sussukar nan, har da waɗanda suka koma Kekun Waje. Babu mai cikakkiyar. Baiti ɗaya da rabi ne a rediyon Kaka har yau, kuma wurin da yake neman ruwa ba a same shi ba.