Fim ɗin Gumbin Kure

Abin da na fara gani da na shiga gidan Kawu a Jega Magaji shi ne fim biyu rataye a igiyar shanya, tsakanin zannuwan matarsa, wadda muke kira Inna. Hutun makaranta na zo yi. Ban gama gaisuwa ba ya ciro ɗaya ya miƙo mini.

"Duba, ɗiyata. Mi kika gani?"

Na ɗaga shi wajen haske. Ban ga komai ba sai baƙi-baƙi, kamar an shafa masa toka.

"Taurari ne," in ji Inna daga bakin murhu. "Sai mai rabo ka ganinsu."

Kawu ya shekara talatin yana ɗaukar hoto a gari kafin waya ta kashe sana'ar. Da ya rufe shago, fim huɗu suka rage masa, kuma ba a ƙara sayar da irinsu a kusa ba. Ya ce da su zai ɗauki Kaza da 'Ya'yanta, taurarin da mahaifinsa ke dubawa ya san lokacin shuka. Biyun da ya ɗauka a kan soro sun lalace. A ganinsa fitilun sola da aka kakkafa a titi ne suka cika sama da haske.

Don haka muka tafi Aliero, gonar albasar wani abokinsa. Ni ke ɗaukar ƙafar kyamara, ni ke ƙirga daƙiƙu bayan ya buɗe idonta. Sauro ya cinye mini ƙafafu. Washegari muka dawo muka wanke, ya fito kamar na baya. Kawu ya zauna a tabarma, ya ce hasken wata makaranta da ke kusa ne ya kai har gonar.

Na ƙarshen muka kai shi Gumbin Kure, a kan babur, hanya duk gargada. Can kam babu fitila ko ɗaya. Na ga taurarin guda shida. Kawu ya ce shi ma ya gani, amma da ya nuna da yatsa, gefe ya nuna. Da hannuna na gyara wa kyamarar fuska, ya yi kamar bai lura ba.

Mun dawo a gajiye, ya ce sai gobe bayan isha'i za mu wanke. Da rana ina share ɗakinsa na ci karo da tsohon fim na wani bikin suna. Gefensa, inda ƙananan hujoji suke, tas yake kamar gilashi. Na fita na duba na igiya. Nasu baƙin ya rufe har hujojin, wurin da hasken sama ba ya taɓawa.

Sai na tuna daren da muka wanke na Aliero. A ɗakin ajiya Kawu yake zare fim ya naɗa shi cikin gwangwani, kuma dole a yi hakan cikin duhu sosai. Ya rufe ƙofa ya ce, "Kin ga duhun ga? Tun kafin a haife ki nike aiki cikinai." Da farko duhu ne. Amma bayan ɗan lokaci na fara ganin buhunan gero, na ga farar hularsa, na ga yatsunsa suna lalube. Fitilar da aka kafa a lungu bara tana shigowa ta tsakanin kwano da bango. Na ɗauka ya sani.

Na shiga ɗakin na rufe ƙofa, na tsaya ina shirya yadda zan faɗa masa. Kowace hanya na bi, ƙarshenta in ce masa idonsa ba ya ganin abin da nawa ke gani. Ko sunana malami ya kira a aji da ƙyar nake amsawa, balle wannan.

Da la'asar ya fita masallaci. Na sami Inna tana yanka kuɓewa, na durƙusa kusa da ita har ta gaji ta ɗago kai.

"Ke kuma lahiya?"

"Inna, ki ara mini barguna biyu da ƙusoshi, ki riƙe mini tsani kafin ya dawo. In ya tambaya, ki ce don ɓeraye ne."