Akwatin da Aka Kai Gindin Randa

Malam Kyari ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina layin famfo. Matarsa Ya Fanna ce ta kira ni. Na zauna a kan bidona na ɗibar ruwa, layi ya wuce ni ban sani ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai gyaran kayan ƙaramin gidan rediyonmu, inda nake karanta sanarwa tun ina goyon autana.

Kafin in ci gaba, ku yaran da kuka fara yawo da hotonsa a gadon likita, ku goge shi yanzu. Haruffa uku na Nasara da 'yar fuskar kuka ba addu'a ba ce. Ina ganin sunayenku, har da na 'ya'yan cikina.

Shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi yana da ciki, ana rabon abinci gari-gari, ni ce mai faɗin rana da wuri. Mutanen karkara ba su da wata hanyar sani sai muryata.

Sai muryar ta fara tsinkewa. In fara magana, sai ƙas-ƙas, sai shiru, ba za ta dawo ba sai na wuce abin da ake son ji.

Wasu mata daga wajen Gaffati suka taka har Mirriya a ranar da ba a rabo. Suka juyo da buhu a naɗe a hammata. Ɗayarsu ta neme ni har wurin aiki, ƙafarta fara fat.

Ta ce, “Ke ce mai maganar? Baiwar Allah, in ba za ki faɗa duka ba, ki yi shiru mu zauna gidajenmu.”

Ga wani rabon yana tafe.

Akwai ɗan akwati da ke karɓar murya daga ɗakin magana ya miƙa wa injin watsawa. A lambobi muryar ke zuwa masa, shi yake mayar da ita magana. An kai wa Malam Kyari shi shago, ya yi aiki lafiya lau. An dawo da shi, ya koma tsinkewa. Aka ɗora laifin a kan kuran, wato wutar lantarki, aka auna, kuran ba ta da laifi.

Sai Malam Kyari ya hau motonsa mai ƙafa biyu ya zo da kansa cikin ranar azahar, da wata na'ura mai ɗan gilashi da yake kira osilo.

Ya tarar da akwatin a gindin randa.

Baba Mamman mai gadi ne ya taɓa shi ya ji zafi, tausayi ya kama shi, ya kai shi can. Mu a Damagaram duk abin da muke ji da shi, man shanu ne ko maganin yaro, gindin randa muke kai shi. Waya ba ta kai ba, sai Baba ya ƙara da ragowar wayar lantarki, ya murɗe, ya ɗaure da leda.

Malam Kyari ya jona na'urarsa ya kira ni.

“Madam, dubi layin nan. Kamata ya yi ya hau ya sauka da kusurwa tsaf, kamar matakala. Kin ga kowace kusurwa tana karkarwa?”

Na ce na gani, amma ban gane ba.

“Kin taɓa yin magana cikin busasshiyar rijiya?”

Na ce, “Malam, a bana wace rijiya ce ba busasshiya ba?”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “To haka ne. Saƙo ya kai bakin mahaɗar nan, ya tarar hanya ta canza, sai wani abu nasa ya dawo ya yi karo da na bayansa. Akwati ya rasa wanne zai ji, sai ya yi shiru.”

Ya cire ƙarin, ya mayar da akwatin mazauninsa da gajeriyar waya irin tasa. Ya liƙa wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a bakin shigar, ya ce shi zai shanye abin da ke dawowa. Ina kallo karkarwar ta kwanta.

Da ni ce, da Baba ya sha faɗa. Shi kuwa cewa ya yi, “Baba, ka kyauta masa, amma wannan ba man shanu ba ne.” Washegari ya kawo ƙaramar fanka ya ɗaura wa akwatin, don hankalin tsoho ya kwanta.

Ku yaran yanzu, abu ya yi pan, ya tsaya sau ɗaya, ku ce a jefar. Mutum ya yi kuskure ku ɗauke shi hoto. Ku koyi wani abu.

Rabon da ya biyo baya, matan nan sun je a ranarsa.

Ba na manta lokacin da unguwarmu ta rasa ruwa, shi ya riƙa ajiye mana bido biyu a ƙofa ya wuce, ko sallama ba ya tsayawa a amsa.

Makon jiya na je duba shi. Ya rame, idonsa ya faɗa. Na kai masa fura, ya kurɓa don kar in ji haushi. Ya tambaye ni gonaki, na ce bana ma ga yadda take.

Ya ce, “To za a sake neman muryarki, Madam. Zafi ya dawo. Kar ki bar kowa ya kai akwatin nan gindin randa.”

Na ce zai tashi ya tsare abinsa da kansa. Murmushi kawai ya yi.

Na gaji, wallahi. Na gaji da layin ruwa, na gaji da karanta sunayen mutanen kirki.

Yau takarda biyu ke gabana: ta jana'izarsa da ta rabon hatsi na garin Dogo. Kafin in zauna na leƙa akwatin. Yana mazauninsa, fanka na juyawa. Na karanta duka biyun, ba harafin da ya faɗi. Muryata ce kawai ta yi rawa, wannan kuwa ba mai gyara ta.

Ya Allah Ka gafarta wa Malam Kyari, Ka sanyaya masa makwanci, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu. Ka ba Ya Fanna da yara haƙuri. Ka ba mu ruwa mai albarka.

Wanda ya karanta, kar ya danna mini alama ya wuce. Ajiye wayar, ɗaga hannu, ka yi masa addu'a da sunansa.