Ranar da Babana Ya Faɗi Sunana

Har yau idan ruwan sama ya jiƙa takarda na ji wannan warin danshin nata, sai in tuna wata akuyar gidanmu a Gwandu. Ita ce ta cinye takardar haihuwata, kuma na daɗe da yafe mata.

Daminar da na gama firamare ce. Ruwa ya yi ta zuba har rufin ɗakin Inna ya fara yoyo, ya jiƙa jakar fatar da ake ajiye takardun gida. Da rana ta fito sai Inna ta shanya su a kan tabarma a tsakar gida, ta danne da duwatsu, ta koma bakin murhu. Duk takardun da ke wurin, akuyar nan ba ta ga wadda ta yi mata ba sai tawa. Ƙanwata ce ta gan ta tana tauna, ta bi ta da gudu, ta ƙwato ɗan gefe mai rabin hatimi.

A lokacin sunana ya fito cikin masu zuwa makarantar kwana. Hedimasta ya ce wanda bai je da shaidar haihuwa ba, za a ba wani gurbinsa, ga shi kuma tafiya ta ƙarato. Mafita ɗaya ce, a je kotu wani babba ya rantse a kan wane ne ni da lokacin da aka haife ni, a ba mu sabuwar takarda.

To, a nan gizo ke saƙa, don ni ɗan fari ne. A gidanmu iyaye ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa ma nuna sun san da zamansa, saboda kunya. Babana bai taɓa kiran sunana ba, "kai" nake a wurinsa. Idan baƙo ya tambaya ɗan wa ne, sai ya ce yaron gidan nan ne. Na san al'ada ce, amma ba zan ɓoye maka ba, ina jin zafi idan na ga ya ɗora ƙannena a kekensa suna ta dariya.

A Kalgo aka haife ni, domin Inna gidan iyayenta ta koma haihuwar fari. Don haka Baba ya shirya mu je can, kawuna ya yi rantsuwar. Muka shiga motar a-kori-kura da sassafe. Gero ya fi mutum tsawo a gefen hanya, fadama ta yi shar da shinkafa. A hanya Baba ya miƙo mini dafaffiyar gyaɗa yana kallon wani gefen.

Da muka isa sai muka tarar kawu ya bi masunta ƙasan gulbi, ba a san ranar dawowarsa ba. Kakata ta wajen uwa ta dube ni ta kwashe da dariya.

"Maigidana, an ce akuya ta cinye ka. Ka taho in sake wanke ka awa jinjiri?"

Ta yafa zanenta ta ce ita za ta raka mu. A hanya ta yi ta ba da labarin ranar da aka haife ni, har da kunun da aka dama, ba ta manta komai ba.

A kotun, wani ma'aikaci na zaune gaban tafireta. Ya tambayi wanda zai rantse. Baba ya nuna ta ya ce, "Ga kakatai nan, ga hannunta anka haihe shi."

"Ni?" in ji ta. "Kaina ya tsuhwa, ban riƙe komi ba. Ga ubanai nan tsaye, shi ya kamata shi rantse."

Na kalle ta baki buɗe, ita kuwa ta kau da kai tana gyaran zane. Baba ya juya yana duban ƙofa. Na ce a raina shi ke nan, fita zai yi, makaranta ta wuce ni.

Ma'aikacin ya ce, "Malam, akwai mutane bayanka. Wanga yaro ɗan wa na?"

Baba ya gyara hularsa, ya sunkuyar da kai. "Ɗana na."

"Mi as sunanai?"

Sai ya faɗa. Cikakken sunana, haɗe da nasa, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Da aka tambayi lokacin haihuwa bai waiwayi kowa ba, ya ce ranar Talata ce, cikin watan Rajab, bayan la'asar, ya faɗi shekarar. Ashe duk yana riƙe da su. Ni dai ina tsaye ina jin ƙarar tafireta, hawaye na zubo mini, daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Kakata ta mintsine ni ta ce in daina ba ta kunya cikin mutane.

Na tafi makaranta a kan lokaci. Muka koma yadda muke, ni "kai", shi Baba, amma zafin nan ban sake jin sa ba.

Kwanakin baya katin shaidata ya ɓace a kasuwa. Na je ofis na ɗora yatsa a kan na'ura, sai ga sunana da hotona sun fito, ba wanda aka nema ya tsaya mini. Sauƙi ne, kuma na gode Allah. Kunyar ɗan fari ma ta ja baya, nawa ɗan farin ina kiran sunansa a gaban kowa, har ya yi kamar bai ji ba. Babana kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa "kai" yake ce mini. Sau ɗayan nan da ya faɗa a Kalgo ya ishe ni.