Na Zauna a Layin Masu Ciki Saboda Ƙafata

Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu na tambayar 'yata Hajara ko an yi rasuwa ne ba a sanar ba. Ina nan da raina. Ni ne dai Baba Garba na Ƙofar Wambai, mai nuna wa masu haƙa wuri a tsohuwar maƙabarta. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa Hajara na rubutawa, kuma na ce kada ta rage mini ko kalma ɗaya.

Maƙabartar nan ba lamba, ba allo. Duk wanda ke kwance a can, a kaina yake. In ƙafata ba ta kai ni ba, babu mai sanin inda ba kowa a ƙasa.

Ranar da muka binne Malam Sule tela, na tuɓe takalmi kamar yadda na saba, don ba na shiga cikin matattu da takalmi. Sai na taka ƙayar aduwa, daidai tudun nan na gindin yatsu. Na zare, na ga bakinta a karye. Na jefar, na ci gaba da aiki.

Wurin ya rufe, amma duk taku ɗaya sai in ji kamar ƙusa. Tun ina ɗingishi har na koma taka dunduniya kaɗai.

Hajara ta sa ni a keke muka tafi asibiti. Yankan kati, layi tun safe har azahar, gwajin suga, sai hoton ƙashi. Likita ya ɗaga hoton sama ya ce, "Baba, ƙashinka lafiya lau. Tsufa ne."

Na ce ƙaya ce, bakinta ya karye a ciki.

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Da akwai da mun gani." Ya rubuta ƙwayoyi.

Ni da zan gaya maka wanda aka binne shekara talatin da suka wuce da inda ƙafarsa take, ni ne zan manta abin da na taka? Don ba na jin Turanci sai maganata ta zama ta banza?

A unguwa kuma kowa ya zama boka. Wai mai yawo cikin kaburbura ai ya taka abin da ya taka. Wanzami ya yi tsaga, ya kafa ƙaho. Ƙafa ta kumbura kamar tulu. Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata. Na ga mutanen da aka yanke wa ƙafa, kuma daga ƙaramin abu suka fara.

Muka koma asibiti, muka dace da wata likita mace. Ita ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Baba, hoton ƙashi ba ya cika ganin ice. Sikanin za a yi maka."

Nan fa nawa laifin ya fara. Na ce sikanin? Abin da ake goga wa mata masu juna biyu? Ni da furfurata? Na ɗauki sandata na fito. Hajara ta yi lallashi, ta yi kuka, ta ce, "Baba, taurin kan nan naka shi zai ci ƙafar nan." Wata biyu ina gida ina cewa ba za ni ba.

Sai ran nan da hantsi Bala, shugaban masu haƙa, ya yi sallama. Ya tsuguna ya kasa kallona. Ya ce, "Baba, mun haƙa gabas da tsamiya, mun tarar da mutum."

Na san ko wace ce. Mahaifiyar Idi mai shayi ce, da hannuna na sa ta. Sun mayar da ƙasa, sun yi addu'a. Amma an tone baiwar Allah saboda ni ina zaune ina jin kunyar zama a bencin masu ciki.

Washegari na tafi.

Mata goma sha wani abu a layi, ciki ya yi gaba, sai ni a tsakiya da hula. Wata mai baki ta ce, "Sannu Baba, wata nawa?" Na ce, "Biyar, 'yar nan, amma nawa a ƙafa yake." Har masu shara suka dara.

Mai na'urar 'yar kudu ce. Ta ce, "Baba, kawo ƙafa naka." Ta shafa wani abu mai sanyi, ta goga, ta goga, sai ta tsaya. Ta juyo mini da allon ta nuna wani ɗan farin layi. "Ga shi nan. Ka taka ƙaya?"

Na ce wata biyar ke nan nake faɗa!

Aka yi mini allurar kashe zafi, aka tsaga, aka fito da ita da mugunya. Ba ta kai rabin tsinken ashana ba. Sati uku ina zuwa wankin ciwo. Kuɗin sikanin kuwa bai kai abin da na zubar a kemis da wurin wanzami ba.

Alhamdu lillahi, yau ina takawa. Allah ya saka wa likitar da ta saurare ni, da mai na'ura, da Hajara da na wahalar. Idi, na je har teburinka na nemi gafara, ga shi na sake nema a gaban jama'a.

Ku kuma, in tafin ƙafa ya ƙi daina ciwo, kada a ce muku hoton ƙashi bai ga komai ba ku koma gida ku zauna. Ku tambaya ko akwai wani hoton. Ku faɗi abin da kuka taka, ku maimaita har a ji. Kada ku bari a tsaga muku ƙafa a gida, balle mai suga. Likitoci, tsoho in ya yi magana ku ɗago kai. Maza 'yan uwana, na'urar nan ba ta mata kaɗai ba ce.

Jiya na koma maƙabarta. Ina nunawa, Bala na kafa dutse a kan kowane kabari, don kada a sake dogara da ƙafata. Da na mahaifiyar Idi muka fara.

Da takalmi na shiga. Mutanen ƙasa su yi haƙuri.