Yatsu Bakwai da Ban Ɗaga Ba

'Yata ta fari kurma ce. A cikin ɗaki da hannu muke hira, kuma surutunmu ya fi na masu baki. Amma 'yar fari ce, mu kuwa a Kwandiko uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan sa jiki a gaban mutane. Haka na taso na gani, haka na riƙe.

Tana shekara tara aka ce za a tara yara a wata makarantar kwana a Birnin Kudu lokacin dogon hutu, kwana bakwai. Kowa ana karɓa, makaho da gurgu da kurma da mai ji, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Babanta ya sa sunanta. Ni kam tun ranar nake ta tambayar kaina. Wa zai tashe ta sallar asuba, ita da ba ta jin ladan? Na yi niyyar idan za mu rabu in ɗaga mata yatsu bakwai, in nuna hanyar gida, ta san zan dawo.

Ranar tafiya surukata Inna ta ce sai ta raka mu. A bakin ƙofa malamar da ke karɓar yara ta ce, "Maman yarinya, ya sunanta?" Na sunkuyar da kai, Inna ta amsa. Da aka zo rabuwa, ga Inna, ga mata cike da wurin, sai hannuwana suka maƙale cikin hijabi. Na juya baya na shige mota kamar wadda ta rako 'yar maƙwabta.

Bayan kwana uku, ina tankaɗe sai abin ya faɗo mini. Bara aka kai ɗan farin ƙanwata riƙo garin Dingaya: jaka a hannu, kaka a gaba, uwa ta juya baya ko kallo babu. A idon 'yata aka yi, kuma har yau yaron bai dawo ba. Na yar da rariya na nufi tasha, garin tuwo har gira.

Na tarar da yara suna ta guje-guje a fili, wani yana tura abokinsa a keken guragu. Ban gan ta a cikinsu ba.

"Ai 'yarki ba ta da matsala, Hajiya," in ji malamar. "Ita ke riga kowa tashi. Sai dai wasa ne ba ta yi. Shara, wanke-wanke, mun hana ta, ta ƙi."

A gindin famfo na same ta da tulin kwanukan da ba nata ba. Ba ta rugo ba. Ta goge hannu, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ake gaida baƙuwa, sannan ta tambaya da hannu: nan ne gidana yanzu?

Mata suna kallo, ban damu ba. Na zaro hannu daga hijabi na ɗaga yatsu huɗu, na nuna hanyar gida, na dafa ƙirjina. Ta kama yatsun ta ƙirga ɗaya bayan ɗaya, ta sake ƙirgawa. Sannan ta fashe da kuka, na farko tun da aka kawo ta, in ji malamar.