Tsoho Mai Neman Namijin Fure

"Ba na miya nake so ba, 'yata," in ji tsohon. "Wanda aka tsinko da asubar nan, bakinsa a buɗe."

Siling, mai sayar da ganye a kasuwar Narvacan, tana dariya, ta kira shi yadda ake kiran dattawa a can. "Tata, furen kabewa kake zaɓe ko amarya?"

Shi ko murmushi babu. Ba ta san shi ba. Siriri ne, laka ta bushe a ƙwaurinsa. Yana leƙa cikin furannin ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa garin da ke ciki.

"Gindi ɗaya guguwa ta bar mini a bayan gida," ya ce. "Yau macen furen ta buɗe, jikokina kuwa sun tsinke mazan, an yi miya. In ban shafa mata garin nan kafin hantsi ba, ta rufe. Irin gidanmu ya ƙare ke nan."

Siling ta daina dariya. Ranta ya ba ta cewa matarsa ce ta adana irin nan, kuma ba ta duniya.

Ya zaɓi uku, ya cire malafarsa ya yi musu inuwa, ya nufi tasha da sauri, rana na dukan sanƙonsa.