Maharbin da Ya Ƙi Sakin Kibiya

Ɗanasabe ya yi shekara arba'in yana farauta kafin dajin ya ƙare. Ba rana ɗaya ya ƙare ba. Sannu a hankali gonakin masara da na auduga suka riƙa cin kurmin da ke yamma da Gozaki, har wurin da ya taɓa yin kwana uku yana bin sawun gwanki ya koma kunyoyi. Sai ya rataye kwari da baka a bangon ɗakinsa, ya kama fartanya kamar kowa. Tun daga nan ya rage magana.

Bamaguje ne, bai bar addinin kakanninsa ba. Ƙanensa ya musulunta tun suna samari ya koma Malumfashi, amma zumunci bai yanke ba. Ɗiyar ƙanen nan, Maijidda, mai koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata, ita ta fi kowa ziyartarsa. Da rani, shekara biyu da suka wuce, ta zo masa da wata magana. Ta rubuta wasan kwaikwayo na sauraro, irin wanda ake turawa ta waya. Labarin ya faru ne shekara ɗari da sittin baya, kafin zuwan Turawa. Wani abu mai haske ya faɗo bayan duwatsu, halittu uku dogaye masu yatsu uku-uku suka fito daga cikinsa, mutanen gari suka tura maharba su bi su. Tana so ya zama muryar sarkin baka, shugaban maharban.

"Aljanu ne?" in ji shi.

"A'a, Baba."

"Iskoki?"

"Su ma ba su ba ne. Halittu ne masu ci da sha kamar mu, sai dai garinsu yana can wata duniya, bayan taurari. Ƙirƙira na yi, kamar tatsuniya."

Ɗanasabe ya dubi ƙasa. "In suna ci suna sha, suna da sawu. In kuwa suna da sawu, ana iya bin su. Zan zo."

Kowace Asabar da hantsi sai ya hau babur zuwa Malumfashi. A ɗakin baƙi na gidan Maijidda suke ɗaukar murya, an jingina katifu a bango saboda ƙarar Keke Napep. Abokin aikinta Malam Mannir, mai koyar da lissafi, shi ke haɗa sautin a kwamfuta. Da farantin ƙarfe yake yin rugugin jirgin baƙin, muryarsu kuma busa ce a bakin kwalba. Ɗanasabe bai iya karatu ba, don haka Maijidda ke karanta masa layi, shi kuma ya maimaita da bakinsa. Sau da yawa abin da ya fito daga bakinsa ya fi na takarda, sai ta soke nata.

A kashi na huɗu aka samu matsala. Maijidda ta karanta cewa sarkin baka ya ga ciyawa na motsi a bakin rafi, ya ɗana kibiya, ya saki.

"Ba zan faɗi wannan ba, ɗiyata."

"Baba, wasa ne fa. Masu sauraro sun gaji da jira, suna son a yi faɗa."

"Ya ga fuskar abin? Ya san abin da yake ci? Ya san ko mai shayarwa ce? Wanda ya harbi motsin ciyawa ba maharbi ba ne."

Malam Mannir ya yi dariya, amma da ya dubi fuskar tsohon sai ya daina. Ɗanasabe ya zauna a tabarma ya ba su labarin da ko mahaifin Maijidda bai taɓa ji ba. Yana ɗan shekara ashirin ya ga motsi a bakin wani rafi, ya ɗauka gada ce, ya saki kibiya. Ashe wani makiyayi ne mai suna Manu ya durƙusa yana shan ruwa. Kibiyar ta shige shi a cinya. An yi sa'a ran nan bai shafa mata dafi ba. Shi ya goyo mutumin har rugarsu.

"Ya rayu, amma da ɗingishi ya ƙare kwanansa. Duk ranar kasuwar Bakori sai mun haɗu, shi ke fara gaishe ni. Bai taɓa tayar da zancen ba. Da ya zage ni ko sau ɗaya ne, da na sami sauƙi."

Ran nan ba a ɗauki komai ba. Maijidda ta yi mako biyu tana sake rubutu, tana zuwa Gozaki tana yi masa tambayoyi. A sabon labarin, sarkin baka ya bi baƙin kwana bakwai bai taɓa kwarinsa ba. Daga zurfin sawu ya gane biyu ne ke ɗauke da na uku. Ya lura raɓa kaɗai suke lasa, kuma suna kauce wa gidan tururuwa don kada su taka. Ya komo gari ya ce marasa lafiya ne masu neman hanyar gida. Daga nan rigimar ta koma tsakaninsa da mutanensa, waɗanda tsoro ya sa suke son a cinna wa dajin wuta.

Wasan ya bazu daga waya zuwa waya, har Funtuwa. Ba kowa ya ji daɗinsa ba. Wata ranar kasuwa a Bakori, Ɗanasabe na tayin lauje, wani dillalin hatsi, Alhaji Ummaru, ya ji muryarsa, ya juyo da sauri.

"Malam, ba kai ne sarkin bakan nan ba? Kashi goma sha biyu ina saurare, ko kibiya ɗaya ba ka saki ba! Wace irin farauta ce wannan?"

"Alhaji, ai farauta rabinta kallo ne."

"Da sun cinye garin fa?"

"Da na yi kuskure. Amma da na harbe su, ba zan taɓa sanin ko kuskure ne ba."

Alhaji Ummaru bai gamsu ba, amma sai da ya tara mutane su ga mai muryar.

Shi kansa Ɗanasabe bai taɓa sauraron wasan ba. Ko an miƙa masa waya sai ya ce abin da ya faɗa ya riga ya faɗa. Bara da kaka ya shiga motar haya zai je Funtuwa gaisuwar rasuwa, sai direban ya kunna kashi na ƙarshe. Wata murya mai kauri ta cika motar tana yi wa baƙin sallama a gindin dutse. Tsohon ya dafe kujerar gabansa. Muryar mahaifinsa ce sak, wanda ya mutu fiye da shekara hamsin, har yadda yake jan numfashi kafin ya ƙarasa magana. Sai da aka wuce Bakori ya gane ashe tasa ce.

Da ya dawo ya tsaya a Malumfashi, ya ce wa Maijidda ta saka masa duka sha biyun a waya, ta kuma nuna masa inda ake dannawa.